Cigiyar Baƙin Dutse

A shekarun da Turawa suka duƙufa neman zinariya a ƙasar yamma, har ake zuwa da labari wai regenta ake yi a ƙwarya kamar mai fitar da tsakuwa daga gero, akwai wani manomi a wata 'yar unguwa kusa da Dudunni, ana ce masa Sada. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in akuyar maƙwabci ta ci masa dusa shi zai fara ba da haƙuri.

Daminar wannan shekara ba ta zauna ba. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, abin da Sada ya ɗaure bai rufe rabin rumbu ba. Sai dai yana da abin da ba kowa ke da shi ba: ɗan lambu a gaɓar rafi, gadon ubansa, fangali arba'in na albasa da jigo ɗaya a kan rijiyar da yake haƙawa cikin rairayin rafin duk rani. Da wannan albasa zai musanyo hatsin da zai kai shi da matarsa Kubura da tsohuwarsa Inno har faɗuwar ruwa. Bayan ita babu wani abu.

Albasa kuwa ba ta san uzuri ba. In zafi ya shigo, ta kwana ɗaya ba ta sha ba, sai bakin lawashinta ya yi ja. Kwana uku ta kwanta. Abin da ya wuce haka sai dai a yi wa mai ita jaje. Shi ya sa tun kafin hantsi za ka ji kukan jigon Sada daga nesa, yana sunkuyar da sandar, yana ɗago guga, yana juye wa a bakin magudana, ruwan yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya.

Wata Talata ruwan rijiyar ya ja baya, ya shiga yasa. Yana cikin kwasar rairayi sai fartanyarsa ta ce ƙwas a kan wani abu. Ya lalubo shi ya ɗauraye. Dutse ne baƙi wuluk, girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, amma nauyinsa ya ninka na kowane dutse mai girmansa da Sada ya taɓa ɗauka. Jikinsa sumul kamar an shafa masa mai, ga 'yan ramuka ko'ina, sai ka ce wani ya riƙa danna yatsa a malmalar tuwo. Sada ya tashi a wannan rafi, ya san duwatsunsa kamar yadda ya san haƙoransa, farar ƙanƙara da jar marmara da tsakuwa. Wannan ba ɗan gidan ba ne.

Ya sa shi a aljihu ya kai gida. Kubura tana zaune tana ɗinkin wani tsohon zane, ya ajiye mata a tabarma don ta gani. Ta aje allurarta kusa da shi za ta ɗauka, sai allurar ta ja jiki da kanta ta manne masa.

Kubura ta janye ƙafafunta. Ta ce, "Malam, fitar mani da abin nan daga ɗaki."

Inno ta karɓa ta jujjuya a tafin hannunta, ta sansana, har ta ɗan lasa. Ta ce ita dai ta taɓa ganin gatarin aradu tun tana budurwa, amma shi yana da baki kamar gatari na gaske, wannan kuwa ba shi da gaba ba shi da baya. Ta miƙa masa. "Kai wa Kabo. In ƙarfe ne shi ya sani."

Kabo maƙeri ne, kuma taubashin Sada ne, ɗan ƙanen Inno, don haka ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Yana hango shi daga bakin maƙera ya fara.

"Ga sarkin albasa. Tun kana bayan gari hawaye suka zo mani."

"Hayaƙinka ne ya cinye maka ido. Duba mani wanga."

Kabo ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa da nauyin, dariyar ta tsaya. Ya goga masa magagari, magagarin ya zame bai ci komai ba. Ya ɗora a kan uwar maƙera ya ba shi guduma sau uku, ko ɓarɓashi bai fita ba. Ya tura shi cikin gawayi ya zuga har wutar ta yi fari, ya ciro ya jefa a kaskon ruwa. Dutsen ya yi cuu, ya huce, ya fito yadda ya shiga.

"Ba tama ba ce," in ji Kabo. "Kakana ya narka tama, ubana ya narka, na san ta ko a mafarki. Ba kwalli ba ne kuma, kwalli da farce ma kana ɓantararsa." Ya sake auna shi a hannu. "Abu guda na sani, wanga ba na ƙasarmu ba ne. Wani ya kawo shi."

Kabo ya faɗi haka ne kawai don bakinsa ya saba da yanke hukunci. Amma maganar ta shiga Sada ta zauna. Sama kaɗan da lambunsa akwai mashigin da fatake ke ƙetarewa da jakuna, masu kanwa da masu goro da masu kayan koli. In wani ya kawo shi, to wani ya yar da shi ke nan. In kuwa wani ya yar, to haƙƙin wani ne ke kwana a aljihunsa. Kwana biyu abin yana cinsa, ran Juma'a ya tsaya bayan an sallame ya nuna wa liman, Malam Shehu.

Malam Shehu bai taɓa dutsen ba, da ido ya dube shi. Ya ce tsintuwa iri biyu ce. Wadda ba ta da daraja, kamar dabino guda ko guntun igiya, mutum ya yi amfani da abinsa. Mai daraja kuwa amana ce, sai an yi cigiyarta shekara guda a ƙofar masallaci da cikin kasuwa.

"To, Allah gafarta Malam, wanga shina da daraja?"

"Ai shi ne ba mu sani ba. Abin da ba ka san darajarshi ba, ba ka ce ba ya da ita." Ya ɗaga yatsa. "Kuma ka kiyaye. Mai cigiya ba ya faɗin kamannin abu. In ka ce baƙi ne, mai ramuka ne, gobe mutum goma za su zo kowa ya rantse nashi ne. Ka ce dai ka tsinci abu a wuri kaza. Mai shi shi zai faɗi alama."

Haka Sada ya yi. Ran kasuwar Kusada, bayan ya shayar da albasarsa, ya naɗe dutsen a tsumma ya cusa cikin aljihu, ya tsaya tsakanin rumfar mahauta da ta masu gishiri. Shi da ko sallama sai an ce ya maimaita, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa.

"Jama'a, wa ya yar da wani abu mai nauyi a rairayin rafi, ƙasa da mashigin fatake? Mai shi ya zo ya faɗi alama."

Mutane suka fara taruwa. Wani mahauci ya aje wuƙarsa ya ce, "Wane irin abu?"

"Mai shi ya sani."

"To ja ne ko fari?"

"Mai shi ya sani."

"Mu gani mana. Ido ai ba ya rage kaya."

Sada ya dafe aljihunsa da hannu biyu. Kowa ya ga yadda rigar ta rinjaya gefe guda da nauyin abin, ya kuma ga ƙanƙantarsa. Ƙaramin abu, mai nauyi, daga rairayin rafi, wanda ya tsinta ya ƙi nunawa. A wancan zamani ba ka buƙatar ƙarin bayani. Kasuwa ta biyu mutane suna nuna shi da baki. Kafin ta uku labari ya riga ya kai Kankia cewa wani mai lambu a wajen Dudunni ya tono curin zinariya kamar kan jariri.

A lokacin akwai wani Baturen haƙar ma'adini da ya sauka a bariki bayan garin Kankia, mutane suna ce masa Mai Guduma, don duk inda ya ga dutse sai ya sauka daga doki ya ƙwanƙwasa. Wata safiya Sada yana kan jigo, ya shayar da fangali goma sha biyu, sai ga mai unguwarsu, Jaji, yana saukowa gaɓa tare da wani dogon mutum mai jar hula. Ɗanmaliki sunansa, masinjan Baturen.

"Kai ne mai abin?" in ji Ɗanmaliki.

"Ba nawa ba ne. Cigiya nake."

"To ga mai nema ya samu. Ɗauko mu tahi."

Sada ya dubi fangalin da ba su sha ba. Albasar ta fara yin kai, ƙasa tana tsagewa a gindinta, sauranta sati uku ko huɗu. Ya ce a bari ya gama ban ruwa. Ɗanmaliki ya ce tafiyar yini ce kawai, a nuna wa Bature, gobe war haka yana kan jigonsa. Jaji ya matso kusa ya rage murya.

"Sada, ni na tsaya maka. An ce in kai ka ko a kai ni. Ka rufa mani asiri."

Bai ko shiga gida ba. Daga bakin danga ya kira Kubura ya gaya mata, ya ce ta aika wa Kabo ya taimaka da ruwan yamma.

Sun isa bariki la'asar sakaliya, suka tarar Mai Guduma ya hau tun da safe ya yi yamma duban wasu duwatsu. Tafintansa, wani mutumin Zariya mai suna Dauda, shi ya fito. Ya ce Bature ya bar magana: in an kawo mutumin a riƙe shi har ya dawo.

"Yaushe zai dawo, ranka shi daɗe?"

"Bai faɗa ba."

"Ga dutsen, ku riƙe. Ni in je in dawo. Albasa gare ni."

"Ba a ce a riƙe dutse ba," in ji Dauda. "Mutum aka ce."

Babu wanda ya ɗaure shi, babu wanda ya zage shi. An nuna masa gindin wani maɗaci a bakin bariki, kukun Bature yana miƙo masa ragowar abinci. Ga hanya nan a buɗe, ta miƙe gabas har inda ido ya ƙare. Sau biyu ya tashi ya kai bakinta, ya tuna fuskar Jaji, ya koma ya zauna.

A zaune yake amma yana cikin lambun. Rana ta farko ya ce ai Kabo zai zo. Ta biyu ya tuna Kabo yana da maƙera da iyali, kuma bai taɓa jan jigo ba. Ta uku da rana ta take tsaka ya ji zafinta a ƙeyarsa, ya san yadda take sauka a fangalin sama, waɗanda ruwa ke kaiwa a ƙarshe. Ya riƙa bin su ɗaya ɗaya a ransa, wanda ke kusa da zogale, wanda ƙasarsa ke da yashi ba ta riƙe laima. Duk wanda ya zo wucewa daga gabas sai ya tare shi da tambaya, ko ya bi ta Dudunni. Wata mai nono ta ce ta bi, amma ba ta lura da lambun kowa ba.

Kowace safiya yana gaida Dauda, kowace safiya Dauda yana cewa, "Halan yau." Dauda ba mugu ba ne. Ran na huɗu har goro ya ɓara masa. Ya zauna a kan tushen maɗacin ya ce, "Kai ma dai, me ya kai ka shela a kasuwa? Da ka jefa abinka a rumbu wa ya sani?"

"Ba abina ba ne."

Dauda ya dube shi, ya tashi ya koma cikin bariki.

Ran na shida da hantsi Mai Guduma ya dawo, fuska ja jawur, ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta. Sai bayan azahar aka kira Sada. Ya tuɓe takalma ya durƙusa a bakin baranda, ya ce, "Zaki," ya kwance tsumman.

Baturen ya ga baƙin abu, ya yi wani ɗan sauti ta hanci, ya dubi Ɗanmaliki. Amma da ya ɗauka ya ji nauyin sai ya gyara zama. Ya sa gilashi a ido ya leƙa ramukan. Ya kife farantin tangaran ya goga dutsen a gindinsa, ya daɗe yana kallon layin da ya bari. Ya ɗiga masa wani ruwa daga kwalba. Ya ɗora a ma'auni, ya tsoma a ruwa ya sake aunawa, ya rubuta. Daga nan ya ciro wata 'yar battar ƙarfe mai allura a ciki, ya kai ta kusa, allurar ta juyo ta bi dutsen duk inda ya kai shi. Ya yi magana mai tsawo.

Sada ya jira. Ya ga wannan mutum ya san abin, ko ya kusa sani.

Dauda ya ce, "Ya ce a ina ka samu."

Sada ya faɗa. Ya kuma ƙara, tunda ya samu kunne, cewa abin amana ne a hannunsa har shekara, kuma yana da albasa yau kwana shida ba ya nan, in Zaki ya yarda a sallame shi. Ya yi maganar a hankali, da duk ladabin da ya sani. Dauda ya juya ta da kalma uku ko huɗu. Baturen ya gyaɗa kai yana rubutu, ya ɗora dutsen a kan takardunsa don kada iska ta kwashe su.

"Ya ce gobe za ka kai mu wurin."

Washegari Sada ne a gaba, bayansa Bature a kan doki, da Dauda, da lebura goma sha biyu ɗauke da shebur da diga da ɗaurin turaku. Tun daga nesa ya fara miƙa wuya. Da suka zagayo kukar da ke kan gaɓa sai ya ji kukan jigo.

Kabo ne a kai, ba riga, yana jansa a karkace kamar mai kokawa da jaki. Kubura tana ƙasa da fartanya tana buɗe wa ruwa hanya, Inno tana zaune a inuwar danga tana nuna mata fangalin da ya ƙoshi. Na sama goma sha biyar sun kwanta, sun bushe. Amma sauran ashirin da biyar suna tsaye kore shar.

"Ka dawo, sarkin zinariya?" in ji Kabo yana haki. "Kwana shida maƙerata a rufe. Ka dubi hannuna. Wanga aikin naku ba na mutane ba ne."

Sada ya gangara cikin lambun. Ya dubi tafin hannun Kubura, duk ya yi bororo ya fashe, don da rana in Kabo ya gaji ita take karɓa. Ta ɓoye hannun a cikin zane ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Ya karɓi igiyar daga hannun Kabo ya ɗago guga uku, don dai jikinsa ya tabbatar.

A guga na huɗu Dauda ya dafa kafaɗarsa. Bature yana tambaya ina ne daidai wurin. Sada ya nuna cikin rijiyar.

Kafin la'asar an kwance jigon an jingine shi a gefe. An kafa turaku masu farin kai tun daga tsakiyar rafi, suka hau gaɓa, suka zagaye lambun gaba ɗaya har bayan danga, aka ja igiya a tsakaninsu. Dauda ya tara mutanen unguwa ya karanta musu daga takarda: duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, wurin nan yana hannun Bature har sai an ga abin da ke ciki, wanda ya ƙetare igiya, shi da mai unguwarsa za su amsa.

Sada ya ce zai haƙa wata rijiyar a waje, ya riƙa ɗebowa da tulu, ba zai taɓa ko tsakuwa ba. Su sa mutum ya tsaya a kansa yana kallo.

Dauda ya je ya dawo. "Ya ce in an bar mutum ɗaya an bar gari."

Leburan suka fara daga rijiyar. Suka faɗaɗa ta har ta zama rami, suna tankaɗe rairayi a rariyar ƙarfe. Daga nan suka ja wani dogon rami ya hau gaɓa ya ratsa fangali shida. Sauran ba su taɓa su ba, ba su kuma ba su ruwa ba. Kwana biyu Baturen ya yi ya koma Kankia ya bar Dauda a kansu. Sada kullum yana nan a bakin igiya tun safe, a tsaye, taku huɗu tsakaninsa da fangalin farko. Ya ga bakin lawashin ya yi ja. Ya ga ya lanƙwashe. Wani lebura Bagobiri da ya ga abin ya dame shi yakan juye ragowar ruwan gorarsa a gindin wadda ke kusa da shi in zai wuce, har waɗannan 'yan guda biyar ko shida suka fi sauran daɗewa a tsaye.

Kwana tara suka yi. Ba su sami ko ɗan'uwan dutsen guda ba. Ran na goma da safe suka ɗaure shebur da diga suka kama hanya. Sada ya bi Dauda da sauri har gindin kuka.

"Ranka shi daɗe, turakun fa?"

"Ba a ce in cire ba."

"Wa zai cire?"

"Wanda ya sa a kafa. Ya wuce Birnin Gwari shekaranjiya. In takarda ta fito za a aiko."

"To dutsen? In mai shi ya zo me zan ce mashi?"

"Shina cikin akwatinshi." Dauda ya gyara jakarsa a kafaɗa. Ya ga mutumin bai motsa ba. "Me kuma?"

"Shi dai... mene ne shi? Ya faɗa?"

Dauda ya yi ƙoƙarin tunowa. Ya ce Baturen ya faɗi suna biyu, ya ce ko wannan ko wancan, sai an kai Ingila an yanka za a tabbatar. Ya faɗi sunayen da Turanci, Sada ya maimaita na farko a bakinsa, kafin ya kama na biyu na farkon ya gudu.

"Da Hausa fa?"

"Ba su da Hausa," in ji Dauda. "Ba dai zinariya ba ce." Ya bi bayan leburansa.

Da yamma Kabo ya zo ya tsaya tare da shi a bakin igiya. Ya ce ko yanzu in aka tone za a sami wani abu, kan ya ɗan yi, ko bai kai na kasuwa ba ya yi na miya, a samu ko jaki biyu a musanya. In aka ƙara kwana huɗu rana za ta dafa ta a cikin ƙasa.

"Shiga mu tone. Wa zai gani?"

Sada ya waiwaya. A kan gaɓa mata suna wucewa da tuluna, kowace ta rage tafiya tana kallo. Labarin da ya kai Kankia daga aljihunsa ba zai kasa kaiwa daga nan ba.

Suka tafi wurin Jaji. Jaji ya saurare su har ƙarshe, yana murza carbi. Ya ce shi bai kafa ba, ba zai cire ba, kuma sun ji abin da aka karanta da kunnensu. Amma zai aika gobe a tambayo. Ya aika kuwa. Ɗan aiken ya dawo ya ce an ce a jira. Bayan kwana uku ya sake aikawa, aka ce wanda ya san maganar ba ya nan.

Kubura ta daina tambaya. Ta fara auna hatsin tuwo da ƙaramar ƙwarya, Inno kuma ta ce ita yanzu cikinta ba ya son abincin rana.

Sada bai daina zuwa ba, ko da yake babu sauran abin gani sai lawashi a kwance kamar tsohuwar tabarma. Wata ranar Laraba da hantsi yana tsaye sai ga shanun Bube, wani Bafillatani da ke shayarwa a rafin, sun gangaro. Ramin da leburan suka bari ya tara ɗan ruwa, ƙamshinsa ya jawo su. Babbar saniyar ta sa ƙirji ta bi ta ƙarƙashin igiya, sauran suka bi ta. Suka sha, suka hau gaɓa ta inda aka fasa danga, suka bazu cikin fangali suna fizgar busasshen lawashi, kofatansu suna tono 'yan ƙananan kawunan suna murƙushewa.

Bube ya iso da gudu da sandarsa, ya kai bakin igiya ya ci birki. Shi ma yana nan ranar da aka karanta takarda. Ya tsaya daga waje yana kiransu da sunayensu, yana ɗaga sanda, yana fito. Ko ɗaya ba ta ɗago kai ba.

"Sada, wallahi ba ni na koro su ba. Ka gani da idonka."

"Na gani."

"In shiga in fitar da su? In ka ce in shiga, sai in shiga. Amma ka ce kai ka ce."

Sada ya dubi shanun. Wata 'yar maraƙa ta tono albasa guda, ta tauna, ta yamutsa fuska ta tofar. Ƙanƙanuwa ce, ba ta kai ƙwan zabo ba, ta yi laushi ta yi ruwan ƙasa.

"Bar su su ci," ya ce.

Suka tsaya tare, kafaɗa da kafaɗa, har shanun suka kai fangalin ƙarshe. Bube yana ta jujjuya sanda a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"In sun gama," in ji Sada, "ka kira su ta gefen rafi, inda igiyar ta yi sama. Kada su ture turakun."